Mai Tsire a Tsakanin Bindigogi Biyu

Ko zan manta da komai na zamana a Makka, ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da aka fitar da ni bayan gari don in yi alƙalanci tsakanin bindigogi biyu, ni da sana'ata tsire. Yanzu in na tuna dariya nake yi. A ranar kuwa, da ƙasa za ta tsage da na shige, in kuma roƙe ta ta rufe da kyau.

Na zo aikin Hajji 'yan shekaru bayan Najeriya ta samu mulkin kai, ina saurayi. Aka gama aiki, abokan tafiya suka koma gida, ni na maƙale. Ba ni da igama, wato takardar izinin zama, ba ni da kowa. Wani Bazazzagi ya ɗauke ni a tukubarsa ta tsire a unguwar Mansur, daga baya na kafa tawa. Larabawa sukan saya su ci suna sharar hawaye saboda yaji, gobe kuma su dawo. Alhamdu lillahi, rufin asiri dai akwai.

Daura da tukubata akwai shagon Baba Ɗanjuma, mai sayar da turare da darduma. Bakatsine ne, tun yana yaro iyayensa suka zo da shi a ƙafa ta Sudan, ya girma a nan har ya zama ɗan ƙasa. Mutum ne mai ƙarancin magana. Yana da 'ya, Safiya, wadda nake so, ita ma na samu labari ba ta ƙi ni ba. Na tura manya, amsar da suka dawo da ita ita ce, “Za mu duba.” Watanni suka shuɗe ana dubawa. Duk wanda ya taɓa neman aure ya san yadda wannan kalma take hana tuwo wucewa.

Baba yana da aboki, Ammi Bakur, haifaffen unguwar Tandabawi a nan Makka, jikan Kanawa, wanda Hausarsa rabi Larabci ce. Kullum bayan La'asar sai su hau dogon bencin ƙofar shago, a kawo shayi, su buɗe gardamar da suka fara tun ban zo duniya ba: bindigar wa ta fi? Baba yana da ta Jamus, mai cin harsashi biyar. Ammi Bakur yana da ta Ingila, mai cin goma. Kowannensu da takardar izininsa, kuma dukkan bindigogin masu sakata ne, wato irin waɗanda in ka harba sai ka ɗaga wani ɗan hannun ƙarfe ka ja baya, kwanso ya fice, ka tura gaba sabon harsashi ya shiga.

Baba yakan ce, “Ƙarfe ake dubawa, Bakur. Tawa in sakatarta ta kulle, ta kulle ke nan, kamar ƙofar gidan marowaci. Itacenta kuma guda ne tun daga gindi har wuya. Taka fa? Biyu aka haɗa, rani ɗaya ta fara girgiɗi kamar haƙorin tsohuwa.”

Ammi Bakur ya ajiye kofi ya ce, “Ya shehi, bar wannan kalam. Kafin ka gama kokawa da sakatarka, barewa ta kai garin Ɗa'if. Tawa da yatsa biyu nake jan ta, wallahi kamar man shanu. Saitinta kuma ɗan rami ne, leƙawa kawai za ka yi, abin da ka gani a ciki halas, ya gama yawo.”

“To goman na mene ne? Wanda ya iya harbi, ɗaya ya ishe shi.”

“Biyar ɗin taka fa, na sadaka ne?”

Abu ɗaya kawai suka yarda da shi su biyun, shi ne ta Beljiyam kyakkyawa ce amma amarya ce, ba a kai ta cikin ƙaya. Ban da wannan, ko launin harsashi sai sun yi musu a kai.

Ni kuma kullum sai in tsallaka da tsire mai zafi in ajiye musu (kada ka tambaye ni ko ina karɓar wani abu, ai ka san amsa). Ina tsugune ina warware takarda, kunnena yana kan zancen. Rannan Shaiɗan ya ja ni, na ce, “Ai Baba ya fi gaskiya. Mu a gidanmu ƙarfe ake fara dubawa.”

Ammi Bakur ya dube ni ya ce, “Inta ka san bindiga, ya waladi?”

Nan ne ya kamata in ce a'a in koma wurin wutata. Sai na ji bakina yana cewa mahaifina shi ne sarkin baka na yankinmu kaf, a cikin bindigogi na buɗi ido.

Bari in faɗa maka gaskiyar yadda take. Mahaifina manomi ne, Allah ya jiƙansa. Yana da bindiga, ba ƙarya, amma adaka ce, wadda maƙerin ƙauyenmu ya haɗa da bututun ƙarfe, kuma aikinta korar birai daga gonar dawa. Kai kake ɗura mata albarushi, ka cusa tsumma, ka danna da sanda. Ba wanda ya san ranar da za ta fashe, don haka mu ba ma manna ta a kafaɗa. Miƙa ta ake yi can nesa da jiki, a kau da fuska, a runtse ido, a ja kunama. Da ta tashi kuma sai ka ba wurin baya, don ba ka da na biyu, shi ya sa wasu ke ce mata harba-ruga. Haka aka koya mini, haka na yi 'yan lokutan da aka ba ni, kuma ban taɓa samun ko wutsiyar biri ba.

Amma fa babu garin da ya kai Makka daɗi ga mai kurin farauta. A cikin Harami ba a farauta, ba a ko firgita tsuntsu. Tantabaru suna yawo tsakanin ƙafafunka suna kallonka kamar kai ne baƙo. Wa zai miƙo maka bindiga ya ce gwada mu gani? Sai na saki jiki. Abin da na ji a bakin Baba ranar Asabar, shi nake maimaita wa Ammi Bakur ranar Talata da muryar masani. Na iya cewa ta Jamus ta fi kai harsashi nesa ba tare da ya sunkuya ba, na iya cewa ta Ingila tana shan rairayi ta bayan sakata. Dabbobin da na kashe ma suka riƙa girma. Da farko zomo ne, sai ya zama barewa, kafin azumi har ya kai ɓauna. A zatona duk ɓaunar da na kayar tana matso da ni kusa da Safiya. Baba dai yakan saurara, ya kurɓi shayinsa.

Da sanyi ya shigo, wata La'asar gardama ta yi zafi, sai Ammi Bakur ya bugi benci ya ce, “Halas! Bukra bayan Asuba mu fita bayan alamar Harami. Ni ba zan harba ba, kai ba za ka harba ba, don kada a ce hannun wane ne. Ga ɗan sarkin baka nan, shi zai harba duka biyun. Hannu ɗaya, ido ɗaya, wadda ta samu ita ce gwana.”

Na fara kawo zancen naman da za a kawo mini da safe, da wutar da ba mai hurawa. Baba ya ɗago ya dube ni ya ce, “Ka zo.” Wannan ne karo na farko da ya gayyace ni wani wuri tun da na tura manya. Ta yaya zan ce masa a'a? Tsuntsun da ya ja ruwa, ai shi ruwa kan doka.

Washegari muka fita a ƙaramar motar ɗaukar kaya ta Ammi Bakur, su biyu a gaba, ni a baya tare da darduma da buta da salkar ruwa. Muka bi hanyar Jidda har muka wuce ginshiƙan da ke nuna iyakar Harami, sannan muka saki titi muka shiga wani kwari mai baƙaƙen duwatsu. Gari ya yi luf, iska tana kaɗawa a hankali, da a ce yawon shan iska na zo da na ji daɗinsa. Ina zaune ina tsara dabara. Abin mai sauƙi ne a ganina: da ta Ingila in kuskure da gangan, wanda ba zai ba ni wahala ba, da ta Baba kuma in roƙi Allah.

Akwai wata bishiyar ƙaya guda ɗaya a wurin. Muka shimfiɗa darduma a ƙarƙashinta, Ammi Bakur ya rataye salka a reshe don iska ta sanyaya ruwan shayin da za mu dafa in an gama. Ya tafi can nesa ya jera gwangwanaye biyu na madara a kan wani dutse. Mu kuma muka ja baya kusa da mota, bishiyar tana gabanmu ta hannun hagu, nesa da layin gwangwanin ƙwarai. Na faɗi wannan ne don kada ka ce wurin ne ya yi ƙunci.

Aka ce a fara da ta Ingila. Ammi Bakur ya zuba harsashi, ya tura sakata, ya miƙo mini ita da hannu biyu kamar jinjiri. Nauyinta ya ba ni mamaki, amma na daure fuska, na shafa itacen, na leƙa saitin, na gyaɗa kai irin na wanda ya ga abin da ya saba gani. Sannan na yi abin da na iya. Na miƙa ta can gaba, na kau da kai, na runtse ido, na ja kunama.

Ƙarar ta cika kwarin. Wuyan hannuna ya amsa har cikin haƙorana, amma na rasa yadda aka yi ban sake ta ba. Ƙafafuna suka yunƙura za su tafi, na danne su da ƙyar. Kafin in buɗe ido sai na ji Ammi Bakur yana ihu.

“Allahu akbar! Shuf, ya Ɗanjuma, shuf! Ko kallo bai yi ba! Wallahi ya juya fuska ya harba, ta kai kanta!”

Na duba, gwangwani ɗaya babu shi a kan dutse. Ni da ban taɓa samun biri a gonar dawa ba, ranar da na yi niyyar kuskure na samu gwangwanin madara. Ammi Bakur ya rungume ni, ya sumbaci goshina, ya sumbaci bindigarsa. Na saci kallon Baba. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, sai dai ya ɗauko tasa, ya goge ta da gefen rawaninsa, ya ɗana, ya miƙo mini.

To, ga ni gaba kura baya siyaki. In na kuskure, na kayar da bindigar mutumin da nake neman 'yarsa a gaban abokin gardamarsa, da hannuna. Na ce a raina sa'a ba ta zuwa sau biyu a safiya ɗaya, wannan karon dole in auna da gaske. Na tuna yadda suke kwatantawa a kan benci, na sunkuyar da kai na kawo idona kusa da saiti. Sai dai hannuwana sun ƙi yarda su manna gindin a kafaɗa. Tun ina yaro an gaya musu bindiga ba abar runguma ba ce, kuma yanzu suka ɗanɗana naushin ta Ingila. Suka riƙe ta a sarari, gindinta yana lilo daidai saitin bakina. Na ji kamar Baba ya buɗi baki zai yi magana, amma na riga na ja.

Abin da na fara ji shi ne kamar jaki ya harbe ni a leɓe. Abin da na ji na biyu shi ne ƙarar ƙarfe a kan dutse, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Wannan bindigar Baba ce, wadda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta, na yi jifa da ita. Ƙafafuna kuwa ba su nemi shawarata ba a wannan karon. Da hankalina ya dawo, na tsinci kaina tsugune a bayan mota, takalmi ɗaya a ƙafa, hula ban san inda take ba, jini yana ɗiga a rigata.

Wurin ya yi tsit. A cikin shirun nan na ji wani sauti, tsurrr, kamar akuya tana fitsari. Na leƙo ta gefen taya. Gwangwanin yana nan daram a kan dutsensa. Salkarmu ce take tsiyaya ta gaba da baya, ruwan shayinmu yana bin saiwar ƙaya.

Da zagina suka yi da na ji sauƙi. Ba wanda ya ko dube ni. Baba ya taka a hankali ya ɗauki bindigarsa, ya juya ta, ya hure rairayi, ya leƙa cikin bututun, ya goge wani ɗan ƙarzanen da dutse ya yi wa itacen. Ya ja sakata, kwanso ya fice, ya tura. Ya manna ta a kafaɗa (a ranar na fara ganin yadda ake yi), ya auna a nitse, sannan ya harba. Gwangwanin ya tashi sama.

Ya juya ya ce, “Ka gani, Bakur? An maka ta da dutse, saitinta ko gezau. Kawo taka mu ba yaron nan ya jefar, mu gani.”

Ammi Bakur ya ƙanƙame tasa a ƙirji ya ce, “La wallahi! Amma tawa ce ta samu a hannun alƙali.”

“Alƙalin da ke bayan mota?”

Suka kwashe da dariya, Ammi Bakur har da zama a ƙasa yana share ido. Daga nan suka ɗora gardamarsu daga inda ta tsaya, ɗaya yana cewa saiti, ɗaya yana cewa ƙarfe. Aka naɗe darduma ba a sha shayi ba. Muka kamo hanya rana ta fara zafi, maƙogwaron kowa a bushe, ni a baya rungume da salka mai huda biyu, leɓena ya kumbura har ina iya ganinsa ba tare da madubi ba.

Kafin Magariba duk Mansur an ji, don Ammi Bakur ba ya iya riƙe labari. Na yi niyyar cewa ƙurji ne ya fito mini, sai mai sayen farko ya ce in ba shi tsire amma don Allah kada in jefar da tsinken in gudu. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya dame ni shi ne Safiya. Na tabbata magana ta mutu, kuma na ji ciwon haka fiye da ciwon leɓe. Na daina tsallakawa shagon Baba. In na hango shi sai in sunkuya ina hura wutar da take ci da kyau.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina yanka nama, sai na ga inuwar mutum a kaina. Baba ne da kansa. Na saki wuƙa na durƙusa na gaishe shi, ban iya ɗaga ido ba.

Ya ce, “Ya bakin?”

Na ce, “Da sauƙi, Baba.”

“Mahaifinka mene ne sana'arsa?”

“Noma, Baba. Bindigar ta korar birai ce.”

“Ɓaunar fa?”

“Ban taɓa ganinta ba, Baba, sai a bakin mutane.”

Ya ce, “Alhamdu lillahi.” Na ɗago na dube shi, don na zaci ban ji daidai ba.

Ya ce, “Yaro, lokacin da ka turo manya na bincika, aka ce mini kana salla, ba ka cin haƙƙin kowa, kana riƙe da sana'arka. Na kusa ba da amsa sai ka fara kawo mini ɓauna. Na ce a raina, mutumin da ba shi da igama kuma zuciyarsa tana wurin bindiga, wata rana za a kama shi a bayan gari da ita, a sa shi a jirgin ruwa, a bar mini 'ya da goyo. Ni maharbi ne, na san irinmu, ba ma jin magana. Tambayi uwar Safiya abin da ta sha. Ban so 'yata ta sha irinsa ba.”

Ashe duk watannin nan da nake tara dabbobi don in burge shi, gina katanga nake yi tsakanina da abin da nake so.

Ya juya zai tafi, ya tsaya ya ce, “Da na ga yadda ka yi gudun nan, hankalina ya kwanta. Ka turo mutanenka ranar Juma'a bayan an sauko. Amma ka bari bakin ya sace tukuna, kada dangin uwarta su ce na ba wa raƙumi.”

Haka aka yi auren. Gardamar tsofaffin nan kuwa ba ta ƙare ba har Allah ya karɓi ransu, kuma duk lokacin da ta yi zafi sai kowannensu ya kafa hujja da ni, ni kuma in sunkuyar da kai in zuba musu shayi.

Darasin da na ɗauka bai da yawa. In za ka yi ƙarya don a so ka, fara bincika tukuna, wataƙila gaskiyar taka ita ake nema. Ni sai da na fasa leɓe na kuma bar dattawa biyu da ƙishirwa kafin in gane cewa mai tsire ake so, kuma tun farko shi ne ni.